Kunnen Bayan Bango

Kwana uku ke nan tsohuwar taraktar tana tsaye a tsakiyar gareji, an wanke ta, an shafa mata jan fenti, an yi mata gata iya gata, amma ta ƙi tashi. Wata huɗu Kunne ya yi yana fama da injinta. Ya sauke shi, ya warware shi ɗaiɗai a kan buhu, ya sa sababbin ringi, ya goge bawul ɗaya bayan ɗaya har suna ƙyalli, ya mayar da kowane noti inda ya fito. Injin fetur ne irin na da, mai fulogi huɗu, wanda mahaifinsu ya yi noma da shi tun Kunne yana da gashi a ka. Ko daga barci aka tashe shi zai iya haɗa shi. Amma ga shi nan, a murza makulli ya yi gurnani, ya yi gurnani, ya koma ya yi shiru.

Kunne ba sunansa ba ne na gaskiya, direbobi ne suka laƙaba masa, ya bi shi shekara talatin da bakwai. Mota za ta shigo layin, tun kafin ta tsaya ya ce wa mai ita, "Fuloginka na uku ya mutu," a buɗe a tarar haka ne. Sauran makanikai sai sun ɗauko fitila da na'ura kafin su saita wutar inji, shi kuwa sai dai ya karkata kai gefe kamar kaza tana kallon sama, ya ɗan murɗa, ya gyaɗa kai, shi ke nan aiki ya ƙare. Kuma a faɗi gaskiya, abin ya shiga kansa. Mutumin kirki ne, amma idan aka zo maganar inji, girman kansa ba ya shiga ta ƙofar garejin sai an buɗe duka gefe biyu.

To, kunnen ya tafi. Na hagu ne ya fara, shekara biyu da suka wuce, na dama ya bi shi sannu a hankali, har ya zama yanzu duniya gaba ɗaya yana jin ta kamar wanda ya tsoma kai cikin bokitin ruwa. Magana dai, idan an ɗaga murya kuma yana kallon bakin mai yi, yana kamawa. Ƙananan muryoyin inji kuwa, waɗanda da su ya ci abinci ya ciyar da iyali, duk sun gudu sun bar shi. Bai faɗa wa kowa ba. A watan da ya wuce ya sallami wata mota da ƙara a cikinta bai sani ba, mai ita bai ce komai ba, ya dai daina zuwa. Tun ranar Kunne ya yanke wa kansa hukunci a ransa: idan taraktar nan ta fita daga ƙofarsa da igiya ana jan ta, zai sa wa garejin kwaɗo, ba zai sake buɗe shi ba.

Da hantsi ƙaninsa ya iso, wanda kowa ke kira Dogo, shi ne ke noma gonar da mahaifinsu ya bari. Allah ya rufa wa Kunne asiri da wannan ƙanin, don irin mutanen nan ne da ko gaisuwa suke yi sai ka zaci faɗa ne saboda ɗaga murya.

"Yaya, ina kwana! Ta tashi?"

"Da ta tashi ai da ka ji ta tun daga gida. Hau ka murza."

Dogo ya naɗe dogayen ƙafafunsa ya hau kujerar, ya murza makulli. Injin ya juya, ya juya, sai ga wani harshen wuta ya fito ta bakin kafireta da ƙara kamar an harba bindiga. Dogo ya yi tsalle ya dira ƙasa, hularsa ta faɗa cikin kaskon baƙin mai. Kunne kuwa ko gezau. Wutar ya gani, ya kuma ji ɗan dum a ƙirjinsa, iyakarta ke nan.

"Kai! Yaya, ka ji wannan kuwa?"

"Ni kake tambaya ko na ji?"

Dogo ya tsamo hularsa da yatsa biyu yana kallonta cikin takaici. Sannan ya ce, "Yaya, don Allah kada ka ɗauke shi raini. Ruwa ya sauka shekaranjiya, ƙasa ta yi laushi, kowa ya shiga gona sai ni. Na yi magana da wani mai babbar mota. Idan la'asar ta yi ba ta tashi ba, zai zo ya ja ta zuwa sabon garejin bakin titi, su sa mata na'ura."

Kunne ya ce, "To." Ya juya baya ya kama goge sifanar da ba ta da datti. Zuciyarsa ta yi masa nauyi, tsoro kuma ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji a gaban inji ba.

Bango ɗaya ne ya raba garejin da ɗakin girkin gidansa, da wata 'yar ƙofar katako a tsakani. Ta nan matarsa ta shigo da shayi kofi biyu a kan faranti. Ta zagaya ta tsaya a damarsa, ta miƙa masa nasa.

Dogo ya ce, "Matar Yaya, sai ki taya mu da addu'a. Taraktar nan ta fi mijinki taurin kai."

"Yo ai jininku ce, a gidanku ta girma," in ji ta. Sai ta dubi mijin ido cikin ido, ta yi magana a hankali, bakinta yana buɗewa sosai. "Baban yara, wannan atishawar fa na san ta."

"Wace atishawa?"

"Wadda ta yi yanzu, har murfin tukunyata ya yi tsalle. Shekarar da na haifi auta, motar mai burodi ta kwana biyu a nan tana irinta, jaririyar na ta firgita. Ranar da ka gano, ka shigo cin abinci kana dariya, ka ce makanikin da ya fara taɓa ta ya ba ta wuta a lokacin da take fitar da numfashi."

Kunne ya tsaya da kofi a bakinsa, bai kurɓa ba.

Ga yadda abin yake. Fistan na ɗaya sau biyu yake hawa sama kafin inji ya cika zagayensa. Sau ɗaya yana matse iska da fetur, sau ɗaya yana tura hayaƙi waje. A hawan matsewa ake son tartsatsin fulogi ya zo. Matsalar ita ce, alamar da ke jikin faifan gaban inji duka sau biyun tana zuwa daidai, ba ta gaya maka wanne ne wanne. Kowane makaniki ya san maganin wannan: ka cire fulogi, ka toshe ramin da babban yatsa, a juya inji, idan iska ta ture yatsan to hawan matsewa ne. Kowane makaniki, ban da Kunne. Shi kunne yake karawa a bakin ramin ya ji hucin iskar, kuma ya sha faɗa a gaban mutane cewa yatsa na masu koyo ne.

Kwana uku da suka wuce haka ya yi. Ya kara kunne, ya juya injin, bai ji komai ba. Da ya ga alama ta zo daidai sai ya gyaɗa kai kamar ya ji, ya dasa distiributa, wato ɗan kaskon nan mai raba wuta ga fulogai. Abin haushin ma, babu kowa a garejin a lokacin. Kansa ya yi wa ƙarya, kuma kan nasa ya yarda.

Ya aje shayin. Ya cire fulogi na ɗaya, ya miƙa wa Dogo ƙarfen juya inji ta gaba, ya ce, "Juya a hankali." Sannan ya ɗaga babban yatsansa, ya ɗan dube shi, ya toshe ramin da shi.

Dogo ya buɗe baki. "Yaya, yau kai ne da yatsa?"

"Kai dai juya."

Alama ta zo daidai, ɗan hannun da ke cikin distiributa yana nuna wayar fulogi na ɗaya, amma ƙarƙashin yatsan babu ko motsi. Nan ne ya dasa wutar, nan inda injin ke fitar da numfashi. Ya ce a ƙara juyawa. Dogo ya yi nishi ya kai zagaye guda, alamar na dawowa sai ga iska ta taso da ƙarfi ta ture yatsan gefe. Kunya da murna suka haɗu suka cika masa ciki, bai san wadda ta fi yawa ba. Ya kwance noti, ya zare distiributa, ya juya ɗan hannun rabin zagaye, ya mayar, ya ɗaure fulogi. Duka aikin bai kai minti goma ba, aikin da ya hana shi sukuni kwana uku.

"Hau ka murza."

Injin ya juya sau ɗaya, sau biyu, ya yi tari, ya kama. Baƙin hayaƙi ya tashi daga salansa ya bugi kwanon rufi, sifanonin da ke kan tebur suka fara rawa, ƙura ta zubo daga sama. Shekara tara rabon injin nan da ya yi magana. Dogo yana kan kujera yana ihu yana dukan sitiyari, yana kiran sunan Allah yana kiran mahaifinsu, hawaye da dariya duk a haɗe.

"Buɗe ƙofa, Yaya! Yau sai gona!"

Kunne ya ɗaga masa hannu. "Zauna tukuna. Tashi daban, saiti daban. Idan wutar ta yi gaba da yawa, kafin mako ka ƙona fistan. Idan ta makara, ba za ta ja garma ba, sai shan mai da zafi."

Ya sassauta notin, ya ɗora hannu a kan distiributa. Nan ne fa wurin da sunansa ya fito. Sai a ɗan murɗa ta hagu ko dama, kamar faɗin ƙwayar shinkafa, ana saurare har muryar injin ta zauna. Ya karkata kai kamar yadda ya saba. Ya murɗa nan, ya murɗa can. Abin da ke shigo masa guda ne, wani dunƙulallen ruri mara kai mara gindi, na hagu da na dama duk ɗaya. Ya ɗaga ido ya ga Dogo ya zuba masa ido yana murmushi, yana jiran gyaɗa kan nan da duk gari ya sani.

Zai iya gyaɗawa. Abin yi kawai shi ne ya ɗaure noti a duk inda hannunsa ya tsaya, ya gyaɗa kai, taraktar ta fita da ƙafarta, sunansa ya tsira. Idan ta ƙone bayan kwana goma, sai a ce tsufa ne. Ya dubi jan fentin da ya shafa da hannunsa, ya tuna mahaifinsu a kan wannan kujerar. Sai ya miƙa hannu ya kashe injin.

"Lafiya?" in ji Dogo.

"Ba na ji."

"Me ba ka ji?"

"Komai. Kunnen ya tafi, Dogo. Shekara biyu ke nan. Kai ma don ihu kake yi shi ya sa nake jin ka." Ya janye hannunsa daga injin. "Idan mai babbar motar ya zo, ku tafi da ita su ƙarasa. Ni nawa ya ƙare."

Dogo ya cire hularsa. Ya sunkuyar da kai yana murza hular da ta sha baƙin mai.

Ashe matar ba ta koma ciki ba, tana tsaye a bakin 'yar ƙofar da ludayi a hannu. Ta tako ta sake tsayawa a damarsa.

"Sai yau ka ga damar faɗa?"

"Kin sani?"

"Shekara biyu ina zagayowa ta damarka in yi maka magana. Ka zaci don wannan gefen ya fi kyau ne? Rediyon da kake ƙure wa murya kuwa, ai maƙwabta sun daina sayen batir, a namu suke jin labarai." Ta nuna taraktar da ludayin. "Ku tayar da ita. Kafin ka kashe, ƙwanƙwasa ƙofa take yi."

"Uwar yara, wannan ba aikin wasa ba ne."

"Wa ya ce maka wasa nake? Shekara talatin da bakwai bangon nan ne kawai tsakanina da injinanka. Ban san sunan ko noti ɗaya ba. Amma na san idan inji yana ƙwanƙwasa ƙofa, ba yanzu za ka shigo ba, sai in rage wuta. Idan yana jan ƙafa kamar mai zazzaɓi, da saura. Idan ya fara munshari irin naka, sai in zuba abinci, kafin in aje kwano ka shigo kana goge hannu. Tun da muke, ka taɓa shigowa ka tarar abincinka ya huce, ko bai nuna ba?"

Kunne ya buɗe baki zai yi musu, don musu a jininsa yake. Ya lalubi shekarun nan kaf yana neman rana ɗaya, bai samu ba. Shi duk zatonsa dacewa ce kawai.

Aka kife mata bokiti ta zauna a inda zai riƙa ganinta. Suka yi yarjejeniya: ludayi ya yi hagu, ya murɗa hagu, ya yi dama, ya murɗa dama, idan ta sauke shi ƙasa ya tsaya. Dogo ya murza makulli, injin ya kama nan take.

Karon farko bai yi kyau ba. Ta nuna hagu, ya murɗa, injin ya shiga kakari kamar zai mutu, ta miƙe tana kaɗa ludayi kamar mai korar kaji.

"Hagu na ce!"

"Hagun na yi!"

"Haguna, ba naka ba! Fuskantar juna fa muke yi, malam!"

Dogo ya kifa kai a sitiyari yana dariya har da tari. Ta ɗauki bokitinta ta koma gefen mijin, kafaɗa da kafaɗa, yadda hagunsu zai zama ɗaya. Ta rufe ido. Ta ce wa Dogo ya taka mai, ya taka. Ludayin ya ɗan karkata, Kunne ya bi shi. Ta girgiza kai, ya yi yawa, yanzu yana jan ƙafa. Ya dawo kaɗan. Ta sa aka sake taka mai, ta yamutse fuska, akwai sauran ƙwanƙwasa can ƙasa-ƙasa, kamar baƙo mai kunya. Ya murɗa abin da bai kai kaurin farce ba.

Ɗaya hannun nasa yana kan murfin injin, bai ma san ya ɗora ba. Yana jin karkarwar ƙarfen tana shiga tafinsa, da farko a hargitse, bugu ɗaya yana tsere wa ɗan'uwansa. Sai a hankali bugun ya jeru, ya kwanta, ya zama abu guda mai santsi. A daidai lokacin ludayin ya sauka ƙasa. Ta buɗe ido ta dube shi, ta ce wata kalma da bai ji ba amma ya karanta a bakinta.

Munshari.

Bai gyaɗa kai ba sai da ya bar tafinsa a wurin na ɗan lokaci, yana haddace abin da hannun ke gaya masa. Sannan ya ɗaure notin tamau, ya ɗauko kurfi da guduma ya buga 'yar alama a gindin distiributa, don ko bayan ransa a san inda take zama.

Dogo ya fita da ita filin bayan gareji, ya sauke garma a ƙasa mai danshi, ya yi layi biyu ya dawo. Ba hayaƙi, ba kakari, lagireto bai tafasa ba. Ya sauko ya rungume yayansa har ya ɗaga shi sama, sannan ya juya ya rusuna wa matar yayan har ƙasa.

"Ranki ya daɗe, injiniya!"

"Tashi ka ba ni wuri, da hularka mai warin baƙin mai."

Tun kafin azahar Dogo ya kira mai babbar mota ya ce ya sha zamansa. Kunne da matarsa suka tsaya su biyu a bakin ƙofa suna kallon taraktar tana tafiya da ƙafarta, Dogo yana ɗaga wa duk wanda ya gani hannu, har ya sha kwana. Sai matar ta ɗaga hanci ta shaƙi iska, ta dafe ƙirji.

"Wayyo tukunyata!"

Ta ruga ciki. Ranar, karo na farko cikin shekara talatin da bakwai, Kunne ya ci abinci mai ƙauri. Ya cinye tas, har ya nemi ƙari, ta harare shi ta ce kada ya raina mata hankali.

Da suka gama ya shiga ɗaki ya ɗauko kujerar nan mai laushi da babu mai zama a kai sai baƙi. Ya ratsa da ita ta 'yar ƙofar katako, ya share wuri kusa da teburin aiki ta gefen damarsa, ya aje ta, ya goge ta da tsumma mai tsabta. Matar tana kallonsa daga bakin ƙofa.

"Wannan fa?"

"Bokiti yana sa ciwon baya," ya ce, bai dube ta ba.

Ta daɗe a tsaye tana goge hannu da gefen zane. Daga baya ta zo ta zauna, ta gyara zama, ta ce kujerar ta yi kusa da kaskon mai, a matsar. Ya matsar.

Wajen la'asar, lokacin da ya kamata a ce igiya ta zo, sai ga wani mai lambu ya turo injin ban ruwa a kan baro. Ya tsaya a bakin gareji ya yi sallama, ya sake yi, Kunne yana can ya ba da baya yana jera sifanoni. Matar ta miƙa hannu ta ɗan ja hannun rigarsa, ya juyo.

Mai lambun ya ɗaga murya. "Injina ne ke wata irin ƙara tun jiya. Aka ce in kawo wa Kunne. Yana nan?"

Tsohon makanikin ya dubi injin, ya dubi babban yatsansa, ya dubi mai zaune a kujera.

"Tana nan," ya ce. "Shigo da shi ka tayar, ta ji."